Lissafi da Tsakuwa

Waɗansu yara suna tsammani lissafi aikin allo ne kaɗai. Ba haka ba ne. Akwai shi a gida, da gona, da kasuwa.

Ga misali. Ƙwaryar goro ɗaya, goro 100 ke nan. In mai goro ya saro ƙwarya 3, ya kasa biyar biyar, kashi nawa zai samu? Malami mai hikima ba ya farawa da alli. Sai ya sa yara su tsinto tsakuwa 100, su kasa da hannunsu. Za su sami kashi 20. Ashe ƙwarya 3 kashi 60 ke nan.

Yaron da ya koyi lissafi haka ba ya mantawa. In an aike shi kasuwa, ba mai cutarsa wajen canji.