Kujerar Taga a Jirgin Sama: Hagu ko Dama?

Hirarmu ta yau ta masu hawa jirgin sama ce, musamman wanda zai hau karon farko yana ɗokin ya leƙa ƙasa ya ɗauki hoto.

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar ka samu kujerar taga shi ke nan. Ina! Sai ka biya ƙarin kuɗi ka zaɓe ta, ka shiga ka tarar fiffike ne shimfiɗe a gabanka tun daga tashi har sauka. Ko kuma rana ta dinga dukan fuskarka har ka gaji ka ja murfin tagar da kanka.

Mu fara da harafin da ke kan tikitinka. A jirage irin Boeing 737 da Airbus A320, waɗanda aka saba gani a zirga-zirgar cikin gida, kujeru shida ne a jere. A ce tagar hagu, F ce tagar dama. A manyan jirage masu dogon zango, tagar dama galibi K ce.

To wane ɓangare za ka ɗauka? Rana ce za ta faɗa maka. Abin da kake so shi ne rana ta kasance a ɗaya gefen, ta haska maka ƙasa ba tare da ta shiga idonka ba. Misali za ka tashi daga Abuja zuwa Kano da safe. Jirgi arewa ya nufa, gabas na hannun damarka, don haka A za ka nema. In da la'asar ne, rana ta koma yamma, sai ka ɗauki F. In daga Kano kake zuwa Abuja, juya lissafin: F da safe, A da yamma. Minti ɗaya ya ishe ka ka buɗe taswira a wayarka ka ga inda jirgin zai fuskanta.

Sai maganar layi. Fiffike a tsakiyar jirgi yake, kuma kujerun ƙofar gaggawa da mutane ke rububi saboda wurin miƙe ƙafa yawanci a kansa suke. Ƙafarka za ta huta, idonka ba zai ga komai ba. Layukan gaba sun fi, amma su ne ake saurin kamawa. Na can baya ma suna yi, sai dai zafin da injin ke fitarwa kan sa hoto ya ɗan yi dishi-dishi. Ni kam in na rasa gaba, gara in tafi can ƙarshe da in zauna kan fiffike. Ƙananan jirage masu farfela irin ATR 72 ba su da wannan matsala sosai, domin fiffikensu a sama yake, kuma ba sa yin nisa da ƙasa kamar manya. A duba taswirar kujeru da kyau fa, don a wasu jiragen 737 akwai layin da kujerar taga ba ta da taga, bango ne kawai.

Lokacin shekara ma yana da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe ƙasa, duk kujerar da ka zaɓa toka-toka za ka gani. Da damina kuma gajimare ne. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, ƙasa kore shar, sararin sama a wanke, nan ne za ka more. In Legas za ka daga Abuja, dole jirgi ya ƙetare Kogin Kwara, sai ka sa ido. In Kano ka nufa daga kudu, nemi ruwan madatsar Tiga lokacin da jirgi ya fara yin ƙasa-ƙasa.

Dutsen Zuma kuwa, wanda ke jikin takardar naira ɗari, sai an dace. Jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, don haka ta inda ya shigo Abuja jiya ba lallai ta nan zai shigo yau ba.

Kamfanoni da yawa kan buɗe zaɓen kujera ta intanet kwana ɗaya kafin tafiya, kada ka jira sai ka je filin jirgi. Kuma ka zaga banɗaki kafin a shiga, don mutum biyu ne tsakaninka da hanya.