Daga Kwatar Kura Zuwa Tafkin Dagona

Ni ɗan manomin shinkafa ne daga Bunkure. Tun ina yaro ake tura ni buɗe ruwa a gona, amma sai da na shigo makarantar nan na tambayi kaina: wai ruwan da ya wuce mu, ina yake zuwa? Amsar ce ta kai ni ga sanin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991.

Gandun kashi uku ne. Akwai Chingurmi-Duguma a Borno, daf da gandun Waza na Kamaru, inda raƙumin dawa da jimina ke tsallako iyaka. Akwai Bulatura a Yusufari ta jihar Yobe, hamada ce sosai: tuddan yashi, a tsakaninsu kuma dausayi mai goruba da dabino, har kanwa ake haƙa. Na uku shi ne fadamun Bade da Nguru, inda tafkin Dagona yake. Da sanyin hunturu, tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka nan tare da ɗinya da kirinjijiya na gida.

To, ina ruwanmu? Ai ruwanmu ne, a zahiri. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ita ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. Abin da ya rage ya haɗu da kogin Challawa, ya zama kogin Hadejia, ya gangara fadamun. Da can ambaliyar damina ke cika su, rani ya busar. Yanzu madatsu sun rage ambaliyar, ruwa kuma yana tsiyaya duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa. Masunta suka rasa wurin su, jan-baki mai cinye hatsi ya samu maɓoya.

Ba cewa nake a daina noman rani ba. Da shi ake biya mini kuɗin makaranta. Sai dai na sha ganin kwata a buɗe har gari ya waye, ruwa na malala a banza, ni ma na yi. 'Yan uwana masu karatun injiniya da noma, gobe mu za a damƙa wa waɗannan ƙofofin ruwa. In na gida ya yi ɓarna, na Dagona ne ke kwana da ƙishi.