Gojira: faifan da ke kukan ƙasa cikin gurnani

Waɗanda suka kalli buɗe wasannin Olampik na Paris a talabijin ranar 26 ga watan Yuli 2024 ba za su manta da wasu makaɗa huɗu ba, waɗanda suka tsaya a jikin tagogin Conciergerie, gidan da aka tsare sarauniya Marie-Antoinette kafin a fille mata kai a 1793, suna kiɗa kamar aradu ta faɗi. Sunansu Gojira, kuma wannan wasa ya samo musu lambar Grammy a 2025. Masana kiɗansu kuwa suna ganin ainihin gwanintarsu tana cikin faifansu na uku, From Mars to Sirius, wanda ya fito a 2005.

Irin wannan kiɗa shi ake kira death metal. Ya taso ne a Amurka wajen tsakiyar shekarun 1980, musamman a jihar Florida. Alamominsa su ne gita mai kaushin amo, ganguna masu gudun tsiya, da mawaƙi mai gurnani daga maƙogwaro maimakon rerawa. Yawancin masu yinsa zancensu bai wuce gawa da jini ba. A nan ne waɗannan ƴan garin Ondres, kusa da Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, suka bambanta da sauran.

Ƙarfin faifan na farko shi ne abin da yake faɗa. Waƙoƙinsa 12 labari guda suke bi: duniya ta mutu saboda ɓarnar ɗan Adam, ana neman yadda rai zai komo mata. A bangon faifan an zana ƙatuwar dabbar teku, wadda Faransawa ke kira baleine, tana shawagi tsakanin taurari. Waƙar ƙarshe, Global Warming, a kan ɗumamar yanayi take, zancen da ba baƙo ba ne ga wanda ya ga hamada tana cin gonaki.

Ƙarfi na biyu shi ne hannun Mario Duplantier, mai ganguna, ƙanen mawaƙin ƙungiyar Joe Duplantier. Yana dukan babbar ganga da ƙafa biyu cikin sauri, amma bai bari saurin ya cinye taken ba. Ko mai saurare bai san kiɗan ba, zai iya bin bugunsa. Christian Andreu da Jean-Michel Labadie suna riƙe masa da gita da bas ba tare da kauce wa layi ba. A waƙar Flying Whales sun fara da kukan dabbobin teku da gita mai sanyi na ƴan mintoci, sannan suka saki hadari gaba ɗaya. Shirun nan shi ya ba ƙarar nauyinta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Faifan ya haura minti 65, kuma kunne yana gajiya kafin a kai ƙarshe, domin wasu waƙoƙin tsakiya suna maimaita dabarar da aka riga aka ji tun farko. Da an rage biyu daga cikinsu, da sauran sun fi tasiri. Na biyu, kalmomin da Ingilishi suke, kuma gurnani yana haɗiye da yawansu, ta yadda saƙon da aka wahala wajen tsarawa ba ya isa sai ga wanda ya karanta rubutun. Mai gargaɗin da ba a jin maganarsa, rabin aikinsa ya tafi. Na uku, labarin kansa yakan zame cikin tatsuniya: dodanni da dabbobi masu tashi sun fi yawa, masu sare itace da masana'antu masu hayaƙi kuwa ba a kama sunansu ba.

Duk da haka faifan ya jure wa shekaru. A 2017 mujallar Rolling Stone ta sanya shi cikin faifai 100 mafi daraja na kiɗan metal. Ga mai karatu da ɗansa ya cika gida da wannan ƙara, shawara ita ce ya fara da Flying Whales, ya saurare ta har ƙarshe, kafin ya yanke mata hukunci.