Kumburin Ciki da Yawan Iska

Mutane da yawa suna fama da kumburin ciki da yawan gyatsa ko fitar iska, amma kunya takan hana su faɗa wa ma'aikatan lafiya. Waɗansu sukan duƙufa ga shan kanwa, waɗansu kuwa su ƙaurace wa abinci mai gina jiki. Ya kamata jama'a su sani cewa iska a ciki ba cuta ba ce. Mai ƙoshin lafiya yakan fitar da iska sau 10 zuwa 20 a kwana ɗaya.

Daga Ina Iskar Take Zuwa?

Hanyoyinta biyu ne. Ta farko ita ce wadda mutum yake haɗiyewa idan yana ci da gaggawa, ko yana surutu da abinci a baki, ko taunar cingam, ko shan taba da lemun kwalba. Yawancinta takan fita ta gyatsa.

Ta biyu a cikin babban hanji ake yin ta. Abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa yakan gangara can, inda waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke cinye shi, su fitar da iska, kamar yadda ƙullun waina yake tashi idan ya kwana. Wake, da kabeji, da albasa, da dankali suna cikin abincin da ya fi jawo haka. Madara ma tana yi, domin hanjin manya da yawa a Afirka ta Yamma ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta. Nono da kindirmo sun fi sauƙi, saboda tsami ya rage wannan sukari.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. A ci abinci a natse, a tauna sosai, musamman lokacin buɗa-baki da azumi.
2. Kada a bar wake, domin shi ne naman mai ƙaramin ƙarfi. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, sa'an nan a dafa da sabon ruwa har ya yi laushi. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, hanji zai saba.
3. Idan ana zargin wani abinci, a bar shi kaɗai na mako 2 a gani. Barin abubuwa da yawa a lokaci guda ba ya nuna mai laifi.
4. A sha ruwa isasshe, a ɗan taka bayan cin abinci, domin taurin bayan gida yana tsare iska.
5. A tafasa ruwan da ba a amince da tsabtarsa ba. Akwai ƙwayar cuta a gurɓataccen ruwa mai kawo kumburi da zawo mai wari.
6. A guji yawan shan kanwa. Gishirin da ke cikinta yana cutar da mai hawan jini.

Lokacin Zuwa Asibiti

Wajibi ne a ga likita idan kumburin ya zo da jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko zawo ko taurin ciki na makonni. Haka kuma ciwon ƙirji mai zuwa da gumi ko sarƙewar numfashi: kada a ɗauka iska ce, yana iya zama ciwon zuciya.

Mafi haɗari shi ne ciki ya kumbura, yana murɗa, ana amai, amma babu iska babu bayan gida. Wannan alama ce ta toshewar hanji, wadda sau da yawa sai an yi tiyata. Kada a ba marar lafiya abinci ko maganin wankin ciki, kada kuma a jira gari ya waye. A garzaya da shi asibiti nan take. Iskar da take fita ba ta kisa. Wadda ta ƙi fita ita ce abin tsoro.