Babi na Bakwai: Tuffa da Mai Ciwon Sukari

Itaciyar tuffa tana son sanyi, shi ya sa ba a nomanta sosai a Gana. Yawancin wadda ake kasawa a kasuwar Nima da bakin titin Maamobi daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Mutanen Zango kan riƙe ta idan za su je dubiya, amma in marar lafiyan mai ciwon sukari ne, sai a shiga shakka: ya halatta ya ci abu mai zaƙi haka? Yana iya ci, muddin ya san adadi da lokaci.

Abin da ke cikinta

Matsakaiciyar tuffa mai nauyin giram 180 tana ɗauke da sukari kusan giram 19 da harza giram 4, wato zare-zaren da hanji ba ya narkarwa. Harzar nan ce ke riƙe sukarin ya riƙa shiga jini a hankali. A ma'aunin saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, wanda ya tashi daga 0 zuwa 100, tuffa ba ta kai 40 ba, alhali farin burodi ya haura 70. Wani babban bincike da masana na Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa a 2013 ya gano cewa masu cin 'ya'yan itace ɗungurungum, har da tuffa, ba su cika kamuwa da nau'i na biyu na ciwon ba kamar masu yawan shan ruwansu. Da zarar an matse tuffa an tace, harzar ta tafi, sukarin kuwa yana nan.

Yadda ya dace a ci

A wanke ta sosai a ci da ɓawonta, ƙarama guda ɗaya ko rabin babba. Ya fi kyau a ci tsakanin abincin rana da na dare, tare da 'yar soyayyiyar gyaɗa. Kada a ɗora ta a kan koko mai sukari da ƙosai, ko bayan an cika ciki da wake da shinkafa ko tuwon zafi. Amfaninta na fitowa ne idan ta maye gurbin abin shan nan na burkina, zoɓo mai sukari ko lemon kwalba.

Jiki ya bambanta, don haka mai na'urar gwaji ya auna kafin ci, ya sake bayan awa biyu. Likitoci kan so awon bayan cin abinci ya tsaya ƙasa da 10 a ma'aunin mmol/L. Idan kuwa sukari ya faɗi ƙasa da 3.9, mutum yana makyarkyata yana gumi, tuffa ba ta da saurin ceto. A jiƙa cokali uku zuwa huɗu na shayi na sukari a ruwa a ba shi nan take.

Tuffa ba magani ba ce

Ba ta maye gurbin ƙwayar metformin ko allurar insulin. Wanda kuɗinta ya yi wa yawa, gwaiba da lemu ɗungurungum za su yi masa wannan aikin da rahusa. Ma'aikatan babban asibitin Maamobi da na cibiyar kula da ciwon sukari ta Korle Bu suna iya tsara wa kowa adadin da ya dace da maganinsa, musamman kafin azumin Ramadan, lokacin da sa'o'in ci da na shan magani ke canzawa.