Laya a Damtse, Ƙwaya a Jini: Ina Iyakar Ha'inci a Wasa?

Da kaka, idan amfanin gona ya shigo gida, akan kafa fagen dambe da kokawa a ƙauyukan Hausa, har da irin su Surko da ke ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Ɗan wasa yakan fito da layu a damtse da guru a ƙugu, wani ma an yi masa tsaga an cusa magani. Ba mai kiran wannan ha'inci, domin a bainar jama'a ake yi, abokin karawa ma da nasa ya zo. Abin da Bahaushe ya ɗauka abin kunya shi ne gudun kara, ko ɓoye ƙarfe a cikin ɗaurin hannu, ko bugun wanda ya riga ya faɗi.

A wasannin duniya kuwa, ma'aunin daban ne. Bayan da aka ƙwace lambar zinariya daga hannun Ben Johnson na Kanada a Seoul cikin 1988, da kuma tonon sililin tseren kekuna na Faransa cikin 1998, sai aka kafa hukumar WADA cikin 1999. Ita ba ruwanta da abin da mutum ya ɗaura. Abin da ke cikin jini da fitsari take bincika. Ƙa'idarta kuwa mai tsanani ce: duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa, alhakinsa na wuyansa, ko da a cikin jiƙo ya sha shi bisa rashin sani.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗacin wannan doka. An dakatar da Chioma Ajunwa shekara huɗu cikin 1992, kafin ta dawo ta ci zinariya a Atlanta cikin 1996. An kuma fitar da Blessing Okagbare daga wasannin Tokyo cikin 2021.

To, a nan ne al'adun biyu suka gamu. Tabar wiwi haramtacciya ce a lokacin gasa, haka ma tiramol tun daga Janairun 2024. Dattawan fage ma ba su taɓa kiran wanda ƙwaya ta bugar jarumi ba, domin jarumta ita ce a ji zafin naushi a daure.

Saboda haka ya kamata malaman wasanni na makarantu da jami'an ƙananan hukumomi su fahimtar da samari tun daga ƙauye cewa laya ba za ta hana su shiga gasar ƙasa ba, amma ƙwaya ɗaya tak tana iya rushe wahalar shekaru.