Shin Ko Kun San? Shekarar da Farar Giwa Ta Ci Gasa a Filadelfiya

Shin ko kun san cewa a wasan besbol na Amurka, ƙungiyar da ta ci gasa tuta take samu? Tuta fa, doguwa mai tsinin baki, a ɗaga ta a filin wasa kowa ya gani. Ƙungiyar Athletics ta birnin Filadelfiya ta samu tata ta farko a Gasar Amurka a 1902, a kakarta ta biyu kacal da kafuwa. Ta ci wasa 83, an doke ta a 53. St. Louis Browns da ke biye da ita, tazarar wasa biyar aka ba ta. To, ku gyara zama ku ji yadda aka yi!

Ga wasan a taƙaice: wani na jefo ƙwallo, wani na tsaye da kulki yana jira. In ya kuskure ta sau uku, ya fita. In ya buga, ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida, an samu maki ɗaya. Shi ke nan, mu je.

Kun san kotu ce ta fara karya musu gwiwa? Gwarzonsu Nap Lajoie ya yi abin mamaki a 1901. In aka auna da gwaji dubu, 426 ya dace da bugu mai kyau, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a Gasar Amurka. Sai dai daga Phillies, maƙwabtansu na gari ɗaya, ya gudo. Phillies suka kai ƙara. A watan Afrilun 1902 Kotun Ƙoli ta jihar Fensilbeniya ta ce ba zai buga wa kowa wasa ba sai su. Wasa ɗaya tak ya yi wa Athletics a kakar nan!

Ga inda abin ya fi daɗi. Hukuncin bai da ƙarfi a wajen jihar, sai Lajoie ya koma Cleveland. Duk ranar da Cleveland za ta je wasa Filadelfiya, shi sai ya zame ya tafi Atlantic City shan iskar teku, don kada a kama shi. Kun taɓa jin irin wannan?

Yanzu sai Rube Waddell. Kai, wannan bawan Allah! Bahago ne, mai jifa kamar walƙiya, amma riƙe shi sai mai haƙuri. Yana son kamun kifi, yana son motar kashe gobara har yakan bi ta da gudu ya taya aiki. Yana can Los Anjelas yana wasa lokacin da koci Connie Mack ya nemi ya zo. Sai da aka tura jami'an kamfanin bincike na Pinkerton suka rako shi, don kada ya ɓace a hanya!

Sai ƙarshen watan Yuni ya fara wasa, an riga an ci fiye da wata biyu ana fafatawa. Duk da haka ya ci wasa 24, aka doke shi a 7 kawai. Sau 210 yana fitar da masu kulki da kuskure uku-uku, fiye da kowa a gasar. Mashahurin Cy Young, wanda aka fara kakar da shi tun farko, 160 ya samu. Ku duba tazarar nan da kyau!

Ranar 1 ga Yuli, a karawa da Baltimore, Waddell ya yi abin da ba a taɓa yi ba a Gasar Amurka: jifa tara, mutum uku, duk sun fita. Ko jifa ɗaya bai tafi a banza ba. A wasan nan sau 13 ya fitar da masu kulki, aka tashi 2 da nema. Ni dai a ganina, ba don bahagon nan ba, da tutar ba ta je Filadelfiya ba.

Mako guda bayan haka, ranar 8 ga Yuli, ga sabon ɗan wasa Danny Murphy, wanda aka ɗauko ya cike gurbin Lajoie. Ya iso filin Boston a makare, an riga an fara. Ya sa kaya, ya shiga. Sau shida ya tsaya da kulki, sau shida ya dace! Athletics 22, Boston 9.

To, ina giwa ta shigo? Daga bakin abokin gaba ta fito. John McGraw, wanda ya bar Baltimore ya koma New York Giants a tsakiyar shekarar, ya yi musu ba'a, ya ce mai ƙungiyar, Ben Shibe, farar giwa ya kwaso wa kansa, wato kaya mai cin kuɗi ba riba. Maimakon fushi, Mack ya karɓi sunan hannu biyu. Giwa ta zama tambarinsu! Da Athletics da Giants suka haɗu a wasan ƙarshe na zakaru a 1905, sai aka miƙa wa McGraw 'yar mutum-mutumin farar giwa a gaban jama'a. Ƙungiyar ta yi hijira zuwa Kansas City a 1955, ta koma Oakland a 1968, kuma can ma daga baya an sake ganin giwar a hannun rigar 'yan wasa.

Ba riba? Ku ji lissafi. Mutum 420,078 suka shiga kallon Athletics a 1902. Phillies da suka kai su kotu, 112,066. Kusan ninki huɗu ke nan! Alhali filinsu, Columbia Park, na katako ne, kujerunsa 9,500 kawai. In ya cika, sai a ja igiya a gefen fili jama'a su tsaya a bayanta.

Kuma a lokacin ba a wasa ranar Lahadi a jihar, doka ta hana, sai 1934 aka fara.

Rigunan 'yan wasa ma a lokacin ba lamba a bayansu. Sai dai ka san mutum da fuskarsa.

Ga wani abin al'ajabi kuma. Akwai bugun da mutum zai yi ya zagaye fili duka a tashi ɗaya. Socks Seybold ya yi irinsa 16 a kakar nan, kuma shekara 17 ba wanda ya wuce shi a gasar, sai da Babe Ruth ya yi 29 a 1919. Shi kuwa Lave Cross ko ɗaya bai yi ba, amma bugunsa ya kawo maki 108!

Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. A lokacin babu baƙar fata ko ɗaya a manyan gasannin besbol, wariya ta rufe musu ƙofa, sai 1947 Jackie Robinson ya buɗe ta. A 1902 ɗin nan baƙaƙen 'yan wasa suka samu tasu ƙungiya a garin, Philadelphia Giants, ƙarƙashin Sol White, har suka gwada ƙarfi da sababbin zakarun a ƙarshen kaka. Gwanaye nawa aka hana wa dama a shekarun nan? Abin takaici ne ƙwarai.

Shin ko kun san Athletics ba ta samu wanda za ta kara da shi ba bayan cin tuta? Manyan gasanni biyu ne, kuma Pittsburgh ta lashe ɗayar da nasara 103, amma gasannin biyu suna gaba da juna kan kwasar 'yan wasa. Sai 1903 aka sulhunta, aka fara wasan ƙarshe tsakanin zakarun biyu.

Shi kuwa Connie Mack, sunansa na yanka Cornelius McGillicuddy. Da kwat da nakatai yake zama a benci, yana nuna wa 'yan wasa wurin tsayawa da takardar lissafin maki. Shekara 50 cif ya yi yana jan ragamar ƙungiyar nan, daga 1901 zuwa 1950, ya sauka yana da shekara 87. A rayuwarsa ta koci ya ci wasa 3,731, an doke shi a 3,948. A tarihin manyan gasannin besbol ba kocin da ya kai shi yawan nasara, ba kuma wanda ya kai shi shan kaye!